Fatalwar Rijiya da Sunan da Na Ƙi Kira

Zuwa ga Malam, maigidana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan kana cikin rahamar Ubangiji, na ɗauki alƙalami ne saboda wani abu da ya tsaya mini a rai tun Juma'ar da ta wuce. Rubutun da ka matsa mini na koya a ajin yaƙi da jahilci, yau ga ranarsa.

Malam, na kalli fim ɗin nan. Na Indiyan nan mai fatalwar rijiya, wanda ka gano a Kano shekarar da aka yi muku ƙarin albashi har ka sayi babur. Autarmu Binta ce ta nemo shi, ta kunna mini da rana tsaka don ta san ni da tsoro.

Lokacin matan aure ba sa zuwa silima, kai ne silimata. Ka dawo Kazaure ko riga ba ka tuɓe ba, ka tsaya tsakar gida kana kwaikwayo, ni kuwa na saki baki har tuwo ya kama. Wata mata ce mijinta ya faɗa rijiya ya rasu. Ba ta taɓa faɗin sunansa ba, ka ce ashe Indiyawa ma sun san kunyar miji. Wata tsohuwa ta gargaɗe ta cewa in ta kira sunan zai amsa. Kewa ta ci ƙarfinta, ta leƙa rijiyar ta kira.

Kwana uku na ƙi zuwa bakin rijiyarmu. Kai ka riƙa jan guga kana dariya, maƙwabta na cewa an shanye Malam.

Ba ka yi ƙarya ba, waɗanda suka yi fim ɗin sun san aikinsu. Babu jini, babu dodo, ko fuskar mamacin ba a nuna ba. Igiyar guga ce take motsi ba mai ja, sai jiƙaƙƙen sawun ƙafa da yake ƙara matsowa ƙofar ɗakinta kowace safiya. Binta, duk taƙamar bokonta, ƙanƙame ni ta yi. Ni kuwa ko gezau. Allah Ya yafe mini, sha'awa matar nan ta ba ni, domin ita ta kira.

Tun ranar da ka ba ni labarin ka samu abin tsokana. Kullum sai ka ce, "Kira sunana mana, ki ga ko zan amsa." Ni kuma in ce sai dai ka mutu da marmari. Wasa nake, Malam. Shekara arba'in ina faɗin wannan magana, ban san bakina zai kama ni ba.

A asibiti, da hantsin ranar ƙarshe, ka sake roƙona. Wannan karon ba ka yi dariya ba. Yayarka da ta zo daga Roni tana zaune a gefen gado tana jan carbi. Na dube ta, na ja mayafi, na ce haba Malam. A raina na ce bari ta fita alwala tukuna. Ka riga ta fita.

Na san wanda ya tafi ba ya dawowa, ban bar imanina a gaban talabijin ba. Amma da Binta ta tafi, na je bayan gida inda tsohuwar rijiyar take, na janye kwanon da aka rufe ta da shi tun zuwan famfo. Na duba ba kowa, na sunkuya, na faɗa.

Sa'idu.

Muryata ce kawai ta dawo mini. Na zauna a wurin na yi kukan da ban yi ba ko a cikin takaba. Abin da ya fi ƙona mini rai, ashe sunan ba shi da nauyi ko kaɗan, kuma yana da daɗi a baki.

Ka yafe mini. Kunya aka koya mini, na riƙe ta har ta wuce wurinta.

Allah Ya jiƙanka, Sa'idu. Ya yalwata kabarinka, Ya haskaka shi, Ya kai haske ga iyayenmu baki ɗaya. Ya haɗa mu a gidan da zan kira ka ko a gaban waye, ka amsa.

Matarka har gobe,
Hajara