Abin da Na Goge a Littafin Safara'u

Litinin, 6 Oktoba 2025
Safara'u ta dawo da littafin Turanci, jan biro ko'ina kamar an yanka kaza a kai. Huɗu cikin ashirin. Ni fa na duba mata aikin nan da kaina bayan na sauke tanda, hannuna duk mai. Wanga malami ko dai tsanarta ya yi.

Bara Turancin nan ne ya kada ta, sauran duk ta ci. Babanta ya ce bana ne na ƙarshe, in ta sake faɗuwa maganar makarantar nas ta mutu, ta zauna ta taya ni suya. Ni ba na so ta gaji tandar nan. Shekara goma sha bakwai ina shan hayaƙi a bakin get ɗin kan iyaka na Magama, ya isa.

Laraba, 8 Oktoba
Ciniki babu. Motocin Maraɗi biyu kawai suka tsaya.

Na sake duba mata. Ta rubuta "lend me your pen", na ce mi ne wannan, "borrow me" ake cewa, duk ma'aikatan get haka suke faɗi, su da suka yi boko. Ta ce "Inna..." Ta ɗauki abin gogewa ta goge.

Aji biyar na yi a firamare, amma a layinmu wa ake kawo ma waya in an turo saƙon Turanci? Ni. Barira maƙwabciyata ko "how are you" sai ta aiko.

Lahadi, 12 Oktoba
Kasuwa. Ƙafata kamar ba tawa ba.

Talata, 14 Oktoba
Biyar cikin ashirin. Ta ƙi cin abinci, ta ce ciwon ciki ne. Gobe zan je makarantar, in ji laifin da ɗiyata ta yi mishi.

Laraba, 15 Oktoba
Na je. Da ban je ba.

Malam Abdulrazak sunan shi, yaro ne ma, sa'an ƙanena. Ya ba ni kujera, "Inna zauna, ai dama ina son ganin wani daga gidanku." Na fara faɗa, ya bar ni har na gaji. Sai ya buɗe littafin ya ɗaga shi wajen taga, ya ce in duba da kyau. Ƙarƙashin kowane layin da ya ja, akwai alamar rubutun da aka goge. Ya ce wancan na ƙasan shi ne daidai. "Their" ta rubuta, aka maida shi "there". "I am going" ta rubuta, aka cire "I" ɗin. Har "lend" ɗin nan na ranar Laraba, shina nan, ana ganin shi dishi-dishi.

Ya ce, "A aji yarinyar nan ba ta kuskuren nan. Sai aikin gida. Wa ke duba mata?"

Na ce wani ɗan maƙwabta ne. Allah ya yafe mani.

Ya ce a raba ta da shi, don abin ya fara bin hannunta, ran nan a allo ta tsaya tana shakkar abin da ta sani. In ta shiga jarabawa da shakkar nan, shi ke nan.

Ban san yadda na iso gida ba. Ƙullu ya yi tsami, na zubar.

Juma'a, 17 Oktoba
Ta sani ashe. Tun yaushe? Tana kallo ina ɓata mata, tana gogewa da hannunta, don kada in ji kunya. Tun tana aji uku nike zama da ita kan tabarmar nan. To na bara ma...

Ba zan rubuta wannan ba.

Barira ta kawo waya, ɗanta ya turo saƙo daga Kaduna. Na karanta mata. Ta ce in maida amsa da Turanci yadda na saba, na ce ki yi mishi murya mana, bakinki ciwo yake? Ta tafi tana ƙunƙuni, wai yau 'yar boko ta tashi da hagu.

Litinin, 20 Oktoba
Bayan la'asar ta kawo littafin, ta ajiye a cinyata kamar kullum, har da abin gogewa a hannunta, a shirye. Wannan ne ya fi ci mani rai.

Na kai shi kusa da fuska, na kai shi nesa. Na ce idona kwana biyun nan hazo-hazo nike gani, hayaƙi ne, rubutun duk ya haɗe. Ki kai haka nan.

Ta daɗe tana kallona. Ta ce, "Sannu Inna. Allah ya sawwaƙe." Ta sa littafin a jaka.

Laraba, 22 Oktoba
Sha bakwai cikin ashirin. Ba ta nuna mani ba, ni na buɗe jakar tana wanka.

Tabarmar tana nan jingine, ba mu shimfiɗa ba yau ma. Hijabinta ya ɓarke a gefe. Sai da na shiga ɗaki na tura ƙofa sannan na zura zaren a allura. Sau ɗaya ya shiga.