Wani Baba a Indiya

Gure, Laraba da dare

Yau Falmata ta dawo hutu daga karatunta a Indiya. Na yanka mata akuya, na aika garin Bune aka kawo nono mai kauri. Sai ta ce, "Baba, ka yi haƙuri, na daina cin duk abin da ya fito daga jikin dabba."

Na ce ai Indiyawan ma suna shan nono. Ta ce har man shanu suke zubawa a miya, shi ya sa ta sha wuya, sai da tsohon da take haya a gidansa ya ware mata tukunya. Da hannunsa yake dafa mata wake da man kwakwa. Wai Baba take ce masa.

Na yi dariya, na ce a gaishe shi, amma na ture kwanon naman gefe. Ni da na bar makarantar lakwal a aji huɗu, na sai da raƙumi na tura ta, wani da ludayi kawai ya samu sunana!

Na roƙi uwarta gobe ta koya mini ɗanwake da man gyaɗa. Har yanzu tana dariya a ɗaki. Ta yi ta yi, tukunyar dai ni zan ɗora.