Hayaƙin da Na Hana Shanunki

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta ɗa da uwa, ina rubuto miki daga Nahuce, damina ta uku da rasuwarki, don in faɗa miki abin da na yi wa shanun huɗar da kika bar mini, Fari da Ja.

Kin tuna yadda kike yi da la'asar idan ruwa ya zauna? Ki tara busasshen kashin shanu a turke, ki ɗora ɗanyen ganyen dogon yaro, ki tada hayaƙi don korar bobuwa, ƙudan nan mai shan jinin shanu. Ni kuwa ina gefe ina tari, ina mitar rigata ta yi wari. Sai ki ce, "Bisa ba ta da baki, wutsiyatta ka kai ƙara."

Bana ɓarayin shanu suka matsa mana. Sai na kai Fari da Ja kurmin bakin gulbi na ɓoye, wurin da ko akuya ba ki taɓa yarda a ɗaure ba. Hayaƙi kuma ba dama, shi zai nuna inda suke.

Sati uku bobuwa na cin su. Jini a wuya, jini a ƙafafu, ba kiwo sai kaɗa wutsiya da buga ƙasa. Ina gani, na kawar da kai. Ni ma ƙwaurina ya kumbura, susa ta zama gyambo. Ja ya rame, gashinsa ya tashi, idanunsa na ta hawaye. Malamin dabbobi ya zo daga Bungudu, ya ce sammore ne, ya yi allura, amma mun makara. Da ƙyar wuƙa ta riski Ja.

Na gaji, Inna. Na gudu ban tsira ba, kuma sa ɗaya ba ya huɗa.

Jiya na dawo da Fari turkenki. Na tada hayaƙin, ya miƙe sama, duk wanda ke daji zai hango shi. To, ya hango. Fari ya saki wutsiya, ya kwanta yana tuƙa. Na zauna cikin hayaƙin idona na zuba, ban yi mita ba.

Allah Ya haskaka makwancinki, Ya raba ki da duk abin da ke cizo a ƙasa, Ya bar mini wannan ɗayan.

Ɗanki,
mai mitar nan.