Ƙwallonka da Aka Ba Mai Bikiya

Assalamu alaikum wa rahmatullah, ya aminina Malam Sani.

Bayan gaisuwa da fatan Allah Ya haskaka makwancinka, ina rubuto maka ne daga Abbasiya, inda ka bar ni. Na san ɗalibanmu na nan Alƙahira za su karanta, kuma da gangan na yi hakan.

Ga yadda al'amarin yake. Kafin rasuwarka ka ajiye ƙwallonka ta wasan kurket a ɗakin da ɗalibai ke taruwa. Mai ɗakinka, Hajiya Rabi, ta roƙe ni daga Zariya in aika mata da ita, na kuwa yi mata alkawari. Ranar Asabar na je ɗauka, na tarar babu.

Ashe gyaran ɗaki suka yi. Suka ga ta koɗe, zarenta ya tashi, fatarta ta yi kaushi, sai suka haɗa ta da karyayyun kujeru suka ba mai bikiya, mutumin nan da ke yawo da amalanke yana kwasar tarkace. Suka sha wahala suka samo sabuwa fil wurin wani ɗan Pakistan, suka sa ta a akwatin gilashi da sunanka a jiki. Wai karramawa ce. Da suka ga fuskata sai kowa ya hau cewa ma'alish, wato in yi haƙuri. Malam Sani, ban san inda zan kai wannan ma'alish ɗin ba.

Ka tuna Baturen nan da muke bin wasansa a rediyo tun muna sakandare, mai jifa a ƙungiyar Ingila? Ba ya jifa da ƙarfi. Murza ƙwallo yake da yatsu, ta taho a hankali, ta dira, ta kauce wa mai bugu. Kyaftin ba ya miƙa masa ita sai masu ƙarfi sun gaji kuma ta tsufa, domin sai ta yi kaushi take kama ƙasa. A ɗauke shi bana, a ajiye shi baɗi. In za a tafi Indiya, inda ƙasa ke bushe, a tuna da shi. In an dawo gida ya koma kai wa 'yan wasa ruwa. Haka ya ƙare wasansa, kai kuwa kana ta faɗa da rediyo kamar masu zaɓen suna jin ka.

Da aka tura ka kwas Ingila, ka nemi filin da yake atisaye, ka tsaya bakin raga har ya lura da kai. Ya nuna maka kantar da ke yatsansa, ya gyara maka riƙo, ya ba ka ƙwallon da ke hannunsa. Kakan ce, "Garba, ban taɓa wanke ta ba, kada ka bari a wanke."

Da ma wanke ta suka yi, da abin ya zo da sauƙi.

Haushina bai tsaya kansu ba. Sau nawa na zauna a ɗakin nan ina shan shayi, tana ajiye a kan kantar ɗakin, ban taɓa gaya wa kowa tarihinta ba? Na ɗauka kowa ya sani, don ni na sani.

Kwana uku ke nan ina fita da safe da sandata, ina sauraron kiran masu bikiya. Na tare huɗu, babu wanda ya ce shi ya kwashi kayan. Hajiya ta kira sau biyu, na kasa ɗauka. Ka gafarce ni, ɗan'uwana. A wannan wasiƙa za ta fara ji.

Ka ba ni izini in roƙi waɗanda ke karantawa. Wanda ya miƙa kayan ya zo ya kwatanta mini mutumin, ba zan yi faɗa ba. 'Yan kasuwarmu na unguwar Ataba su taimaka da tambayar inda ake juye irin wannan kaya. Ina neman haɗin kan kowa, cikin girmamawa.

Allah Ya jiƙanka, Ya yafe maka, Ya ba Hajiya haƙurin abin da zan faɗa mata.

Naka har kullum,
Garba