Tsoho Ɗaya Ya Tafi, Ɗayan Yana Bakin Aiki

Cikin alhini da sallamawa ga hukuncin Ubangiji, Mai Girma Shugaban Hukumar Daraktoci, da Babban Manaja, da shugabannin sassa, da ɗaukacin ma'aikatan wannan kamfani namu na rarraba magunguna, suna sanar da jama'a cewa da safiyar Talata suka samu labarin rasuwar ubanmu kuma malaminmu, Injiniya, Babban Jami'in Ɗakin Kwamfuta, wanda daga maigadi har Shugaba babu mai kiransa da wani suna sai Tsoho. Ya cika a gidansa, a gaban iyalinsa, bayan jinyar kwana huɗu, yana da shekara sittin da takwas, talatin da shida daga ciki a bakin aikinmu.

Ya zama dole mu warware wani ruɗani da ya biyo bayan labarin. Tsoho biyu gare mu a wannan kamfani: marigayi, da injin kwamfutar da ya raina kamar ɗan cikinsa. Injin nan matsakaici ne, bai kai manyan da ke cika ɗaki ba, ya kuma fi ƙarfin na kan tebur nesa ba kusa ba, shi ne ya san kwalin da ke kan kowace kanta a sito, da maganin da wa'adinsa ya kusa ƙarewa, da motar da za ta kai shi wane asibiti. A bakinmu, in aka ce Tsoho ya kwanta, injin ake nufi ya tsaya. To, da saƙo ya isa rassanmu cewa Tsoho ya kwanta dama, rassa bakwai cikin tara ba su tsaya karanta kalmar ƙarshe ba. Suka zaro littattafan kabon da biro, kamar yadda marigayin ya koya musu, suka shiga rubuta odar magani da hannu. Sai da mai kula da sito a wani reshe ta ɗaga kai ta ga koren rubutu yana nan lafiya lau a kan baƙin allo, sannan ta sake duba wayarta, biron ya faɗi daga hannunta. Muna tabbatar wa asibitoci da shagunan magani cewa injin bai tsaya ba ko na minti ɗaya.

Marigayi ya zo mana a ranar da aka sauke injin daga mota, shi ya cire masa leda. Tun daga nan an sauya akwatin ƙarfen sau uku, an sauya na'urar sanyaya ɗakin sau shida, an sauya Babban Manaja sau biyar, amma tsare-tsaren aikin da ya rubuta a shekararsa ta farko suna nan suna gudana yadda ya rubuta su, ba a taɓa musu ko waƙafi ba. Mutum ne mai tsari har ya kai ga tsanani. Ba a shiga ɗakinsa da kofi a hannu, ba a jingina da injin, kaset ɗin ajiya na kowace rana kuwa sai an rubuta masa kwanan wata da jan biro kafin a tashi. A gida ma injin yana da matsayi, domin ya rigi 'yar farinsa zuwa duniya da wata biyar, shi ya sa 'ya'yansa ke kiransa Yaya Babba, in sun bugo waya sai sun tambayi lafiyarsa.

Mai wannan sanarwa ba zai ɓoye nasa laifin ba. Sau uku ina cikin kwamitin da ya ba da shawarar a yi ritayar injin, a kawo sabon abu mai launi da hotuna, sau uku marigayi ya saurare mu har muka gaji, bai katse kowa ba. A karo na ƙarshe ya ce mini, "Ƙanena, ku kawo sabon, ba ni da ja. Amma ku bar wannan a kunne har sabon ya koyi tafiya." Sabon ya zo da masu kwat da lakatayi, ya yi wata takwas yana rarrafe, ya tattara ya koma inda ya fito. Marigayi bai taɓa yi mini gori ba, sai dai duk sanda muka haɗu a matakala yakan tambaye ni ya mai jiki, ni kuma na san wanda yake nufi.

Gaskiyar da za mu faɗa a nan ba ta yi mana daɗi. Sau biyu marigayi ya nemi ya ajiye aiki ya huta, sau biyu Hukumar ta roƙe shi ya ƙara haƙuri, domin mun ɗauka ran injin a hannunsa yake, ranar da ya tafi magani zai tsaya a sito, marasa lafiya su yi ta jira. Da wannan tsoron muka wuni ranar Talata, kowa yana kuka yana satar kallon allo.

Ranar Laraba Mataimakiyarsa, Shugabar Ma'ajiyar Bayanai, wadda muke kira Uwar Kaset, ta zauna rufe izininsa na shiga injin kamar yadda doka ta tanada. Injin ba ya manta komai, sai ya nuna mata cewa rabon marigayi da shiga cikinsa shekara uku ke nan da wata biyu, kalmar sirrinsa ma ta daɗe da mutuwa. Duk tsawon lokacin nan kullum yana zuwa ƙarfe bakwai da rabi, yana zama a kujerarsa, in matsala ta taso sai ya murza ido ya ce, "Idon nan ya fara gardama, zauna ki yi ina jin ki." Ita da abokin aikinta Dogo suka riƙa yi, suna tsammanin taimakon dattijo suke. Ashe mun shekara uku muna tafiya da ƙafarmu ba mu sani ba.

Da tawagarmu ta je gaisuwa, Uwar Kaset ta ba Hajiya uwargidansa haƙuri kan yadda muka riƙe mata miji a wurin aiki alhali idonsa ya raunana. Hajiya ta dube ta, hawaye a fuska, ta yi dariya, ta ce, "Wane ido, 'yata? Mutumin da har satin da ya wuce shi ke zura mini zare a allura?"

A madadin Hukumar Daraktoci, muna miƙa ta'aziyya ga Hajiya, da 'ya'yansa huɗu, da jikokinsa, da ƙanensa da ya tsaya a kansa a jinya. Allah Ya jiƙansa, Ya haskaka makwancinsa, Ya ba iyalinsa juriyar wannan rashi. Hutun da muka hana shi saboda tsoronmu, muna neman afuwarku a kai, muna kuma roƙon Allah Ya ba shi wanda ya fi shi.

Sa hannu:
Magatakarda,
Kakakin Kamfani kuma Sakataren Hukumar Daraktoci