Ɓular da ke ƙarƙashin gada

Zuwa ga Yayata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidan da yara. Allah ya ƙara miki sauƙin ciwon bayan nan. Mu nan kowa lafiya, Inna ma ta warware har ta koma faɗanta.

Yaya, abin da na gaya miki a waya game da karayar ƙafar Autarki ba shi ne duka ba, kuma abin ya hana ni sakat. Na ce laifin mai babur ne. Wallahi nawa ne. Titin da ke tsakaninmu da makarantarsu wuri uku ake tsallake shi. Akwai farin zanen nan na bakin kasuwa, wanda direbobi ba su san da zamansa ba. Akwai danja, inda motoci ke tsayawa dole, sai dai da ɗan nisa, kuma masu babur kan saci hanya. Sai gadar sama, wadda ban taɓa jin an buge kowa a kanta ba. Tun ranar da kika ba ni riƙon yarinyar nan nake mata wa'azin gada, har da jan kunne.

To amma ni uwar wa'azin, in na makara zuwa shagon ɗinki, ba na hawa. Akwai inda aka ɓula shingen ƙarfen tsakiyar titi, daidai ƙarƙashin gadar, nan nake tattare zani in kutsa. Ashe tana hango ni daga sama. Ranar da ta makara ta bi ta nan, mai babur kuwa bai tsammaci mutum a wurin ba.

A asibiti likita ya tambaye ta wa ya nuna mata wannan hanya, ta ce babu kowa. Ina tsaye a wurin, kunya kamar in nutse. Da ya fita, sai ta kama hannuna ta roƙe ni kada in gaya miki, wai kar ki raba ta da ni.

Ga shi na gaya miki. Ƙashin yana haɗuwa, an ce za ta taka ba ɗingishi. In kin ce a mayar miki da ita, ba ni da bakin magana, ni zan kawo ta da kaina. Ita dai kada ki yi mata faɗa.

Ki gaida maigidan, da Babban Yaya, da Goggo.

Ƙanwarki mai neman gafara.