Abin da ke Bayan Kati na 408

Zuwa ga Daraktan Laburare,
Litinin.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da girmamawa, ga bayanin abin da na gani da idona ranar Alhamis, kamar yadda ka umarta.

Da ƙarfe takwas da rabi na safe muka fara kwashe tsofaffin littattafan da ba a bayarwa aro, daga ɗaki na uku zuwa sabuwar ma'ajiyar da ke bayan gari. Ni ina riƙe da jerin da na fitar daga kwamfuta. Baba mai ɗinkin littafi yana naɗe kowane littafi a farar takarda, ya rubuta lambarsa a kai, ya jera a akwati. Idan akwati ya cika, shi ya ƙirga abin da ke ciki, ni in ƙirga layukan jerina, sannan a ɗaure a buga hatimi.

Akwati goma sha shida sun daidaita. A na sha bakwai, jerina ya ce hamsin da tara, Baba ya ce hamsin da takwas. Muka sake ƙirgawa sau biyu. Lambar da ba mu gani ba ita ce 408, ɗan siririn littafi mai shafi ashirin da huɗu a kan haƙar rijiya, wanda rabon da mai karatu ya neme shi ba a tuna ba. Na duba kanta, na duba bayanta, babu. Ana cikin haka Mataimakinka ya shigo ya ce mota ba za ta jira ba, a rufe, a bincika daga baya. Aka rufe.

Ranar Juma'a aka liƙa takardar dakatar da Baba a allon sanarwa, saura wata biyu ya yi ritaya bayan shekara talatin da ɗaya. An kuma umarce ni in rubuta a rajista, a gaban 408, cewa "ya ɓace a hannun mai naɗi".

Ban rubuta ba. Na ga ƙirga bai cika ba. Ban ga an ɗauka ba. Na bar gurbin babu komai, ina kuma roƙon a buɗe akwatin.

Ka huta lafiya.
Mai kula da sashen tsofaffin littattafai.

*

Zuwa ga Mai kula da sashe,
Talata.

Malam,

Gaisuwa. Na karanta.

Hatimin ma'ajiya ba a karya shi sai da zaman kwamiti, kwamiti kuwa ba zai zauna saboda shafi ashirin da huɗu ba. Masu bincike za su zo ƙarshen wata, ba zan nuna musu rajista mai gurbi a buɗe ba. Mutum biyu ne suka taɓa littattafan nan. Ɗaya na ware, ka gode da ba kai ba ne.

Na san abokan aikinka suna kiranka Sikeli, wai ba ka fitar da kalma sai ka auna ta. Ni ba awo na tambaye ka ba. Ka cike gurbin kafin Juma'a, ko ka karɓi takardar tuhuma.

Wassalam.
Darakta.

*

Zuwa ga ɗan ƙanena,
Laraba.

Sikeli,

Ina gaishe ka, da matarka, da 'yan biyun nan da suka karya mini kujera. Da fatan kuna lafiya.

Takarda na rubuto maka don na san halinka: in na kira ka a waya "to, Goggo" za ka yi ta ce mini har katina ya ƙare. Duk danginmu masu surutu ne, ban san inda ubanka ya samo ka ba. Matarka ce ta fesa mini labarin. Ta ce kwana uku kana zaune a gaban abinci kamar an ba ka shi gadi.

Jiya kuma sai ga Baba mai ɗinki a ƙofata. Ko ruwa ya ƙi sha. Na ce, "Kai da allurarka ba ta taɓa hutawa ba, yau kai ne da yawo da hantsi?" Ya ce, "Malama, jikata ce ta tambaye ni me ya sa ba na zuwa aiki. Na ce mata hutu aka ba ni. Yau shekarata sittin, na yi wa yarinya ƙarya." Na ce, "Ka tuna littafin?" Ya ce, "Wallahi ko kamarsa ban taɓa gani ba."

Wannan maganar ce ta tsaya mini. Shekara ashirin da biyu na riƙe sashen nan kafin ka zo, kuma Baba ba ya manta bango. In ya ce bai taɓa ganinsa ba, to littafin ba shi da bangon kansa.

Saurara. Shekarar da rufin ɗaki na uku ya yi yoyo, tun Baba bai fara aiki ba, maigidansa marigayi ya riƙa ɗinke siraran littattafai a bayan masu kauri, bango ɗaya, don kada su yage. Mu kuma sai mu juya katin siririn, mu rubuta "t.d." da fensir, wato "tare da", sannan lambar mai kaurin. A gaban kati babu fili, shi ya sa. Ku 'yan kwamfuta da kuka zo kuka jibge mana durowoyin katunan a ɗakin ƙasa, akwai wanda ya taɓa juya kati a cikinku?

Sauka ka duba. Ban tuna da wanne aka haɗa shi ba, ni ma an fara ɗinke ni. In Daraktanku ya ƙi buɗe akwati, ka tuna katina na mai karatu bai mutu ba, kuma ina da ƙafa.

Kada ka rubuta abin da ba ka gani ba. In sun kore ka, ɗakin baya yana nan, sai dai ku zo da kujerarku.

Allah ya yi maka albarka.
Goggonka.

*

Zuwa ga Daraktan Laburare,
Alhamis.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa, ina sanar da kai abu uku.

Na sauka ɗakin ƙasa yau da safe, na nemo tsohon katin 408 a durowa ta shida. A bayansa an rubuta "t.d. 391". Ma'anarsa an ɗinke shi cikin bango ɗaya da 391, wato babban littafin cututtukan dawaki, wanda ke cikin akwati na sha bakwai. Sa'ad da aka juye katunan zuwa kwamfuta, shekara tara da suka wuce, ba a kwafi bayan katin ba. Saboda haka rajista take ganin littafi biyu inda hannu yake ɗaukar ɗaya.

Na kai wa Mataimakinka katin. Ya ɗaga shi a haske ya ce, "Malam, fensir ne fa." Na ce, "Haka ne. Ya riga ni da kai zuwa gidan nan." Ya ce, "Ko jiya ma za a iya rubuta shi." Na ce, "Littafin dai ba za a iya ɗinke shi jiya ba, yana ƙarƙashin hatiminku." Ya ce in fita.

Na biyu: na janye roƙona na a karya hatimi. Doka ta tara ta ma'ajiya, wadda kai ka sa wa hannu, ta ce duk littafin da mai karatu ya nema da takarda za a ɗauko masa cikin kwana uku na aiki, ba tare da kwamiti ba. Da ƙarfe goma sha ɗaya wata mai karatu ta cike takardar neman 391. Ba zan ɓoye maka ba, goggona ce, kuma katinta yana aiki. Na tura takardar kamar yadda nake tura ta kowa.

Na uku: gobe Juma'a, kuma gurbin zai kwana yadda yake. Idan takardar tuhumar ta shirya, ina teburina daga ƙarfe takwas.

Ka huta lafiya.
Mai kula da sashen tsofaffin littattafai.

*

Zuwa ga Daraktan Laburare,
Talata.

Ranka ya daɗe,

Ina gaisuwa. Na karɓi takardar tuhuma, amsarta tana haɗe da wannan.

An kawo 391 da ƙarfe goma. Mai karatun ta kwance naɗin a ɗakin karatu, a gaban Mataimakinka. Littafin dawaki ya ƙare a shafi na ɗari uku da sha biyu. Abin da ya biyo baya littafin haƙar rijiya ne, shafi ashirin da huɗu, babu wanda ya yage. Ta ce masa, "Ƙirga da kanka, ɗana, idona ya yi rauni." Ya ƙirga.

Na cike gurbin: "a ma'ajiya, bango ɗaya da 391". Na kuma sami wasu katuna arba'in da uku masu irin wannan alama, ina kan gyara su kafin a taɓa sauran akwatunan.

Na aika wa Baba labari. Ya ce ba zai tako ƙofar nan ba sai an liƙa takardar wanke shi a allon da aka liƙa ta dakatarwa. Ina goyon bayansa, kuma babu wani mai naɗi da zan yi aiki da shi kafin nan.

Ka huta lafiya.
Sikeli.

Gyara ɗaya, a wasiƙata ta Alhamis. Inda na rubuta "ba a kwafi bayan katin ba", a karanta "ban kwafi bayan katin ba". Ni na juye durowa ta shida, a shekarata ta farko. A sa wannan ma a allon.